Shawara: "Masu karatuna 'yan Billiri sun ce na ci musu fuska a littafina"

Wasiƙa daga wata marubuciya a garin Gombe:

Assalamu alaikum. Ina sakin littafina babi-babi a zauren WhatsApp na kuɗi da kuma Wattpad. Na tsara babi 50, na riga na saki 32. A ciki akwai Rifkatu, Kirista 'yar Tangale daga Billiri, mai aikatau a gidan su jarumin a Jekadafari. Na sa tana gurɓatacciyar Hausa don a yi dariya, ubanta mashayin burkutu ne, kuma na shirya a babi na 40 za ta musulunta jarumin ya aure ta. Wasu 'yan mata uku 'yan Billiri da ke zauren sun ce na wulaƙanta su, sun kuma ce cocin da na kwatanta babu irinsa a garinsu. Wasu masu karatu sun ce kada in kula su, ai ƙirƙira ce. Wasu kuma cewa suka yi me ma ya kai ni sa Kirista a littafin Hausa. Zauren ya rikice, har wasu sun fice. Wallahi ban yi da nufin cin mutunci ba. In goge Rifkatu, ko in ci gaba yadda na tsara?

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki goge Rifkatu, kada kuma ki ci gaba yadda kika tsara. 'Yan matan nan uku sun fi sauran gaskiya, kuma alheri suka yi miki da suka faɗa a gabanki tun littafin bai ƙare ba. Mun yarda ba ki yi da mugun nufi ba, amma mai karatu ba ya ganin zuciyarki, abin da ke kan shafi shi yake gani.

Masu cewa Kirista ba shi da gurbi a littafin Hausa ba za su ci mana lokaci ba. Cikin littattafan ƙagaggun labarai biyar na farko da aka buga a Zariya bayan gasar rubutu ta 1933, akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida, Kirista mutumin Wusasa, ya rubuta tare da Rupert East. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932, kuma da Hausa ake sujada a coci-coci da yawa na kudancin Gombe har gobe. Mutanen da kike rubutu a kansu masu karatun Hausa ne tun kakanninsu. Wadda ta zauna ta rubuta labarin garin Gombe babi 50 ba a ga ko Kirista ɗaya a asibiti, ko makaranta, ko tasha ba, ita ce za a tambaya wane Gombe take nufi. Haka nan ba mu tare da masu cewa sai ɗan Tangale kaɗai zai rubuta ɗan Tangale. Da haka ne, da mace ba ta rubuta namiji ba, da matashi bai rubuta tsoho ba. Kina da damar rubuta kowa. Sai dai duk wanda kika ɗauko daga gidan da ba naki ba, akwai bashin bincike a kanki, kuma wannan bashin ne ba ki biya ba.

Masu cewa "ai ƙirƙira ce" kuwa, da kin ƙirƙiri gari da al'umma da babu su a duniya, da maganarsu ta zauna. Amma kin ambaci Billiri, kin ambaci Tangale, kin ambaci coci. Tunda kin ari sunan mutane na gaske don labarinki ya yi armashi, suna da bakin magana a kan yadda kika yi da shi.

Babbar matsalar Rifkatu ita ce kusan ita kaɗai ce daga mutanenta a littafin. A ɓangaren jarumin muna da tabbacin kina da uwa mai faɗa, da ƙanwa mai kirki, da kawu marowaci, da aboki mayaudari, saboda haka babu mai karanta kawun nan ya ce duk Fulanin Gombe marowata ne. A ɓangaren Rifkatu kuwa daga ita sai uba mashayi, don haka duk abin da kika ɗora musu ya zama hukunci a kan al'umma guda. Ba ƙarya ba ne cewa akwai masu shan burkutu, kamar yadda ba ƙarya ba ne akwai masu shan kayan maye a unguwannin cikin gari. Abin da ya zama ƙarya shi ne a nuna shi kaɗai. Maganinsa ba mai da Rifkatu waliyiya ba ne, domin tauraruwar da ba ta da aibi ko ɗaya ita ma ba mutum ba ce, kuma masu karatu za su gane lallashi kike yi. Ki ƙara mutane. Aƙalla uku daga danginta, masu hali daban-daban, waɗanda ba su cika jituwa da juna ba: uwa mai riƙo da ibada, 'yar Zumuntar Mata (ƙungiyar matan coci), wadda shan mijinta ke ci mata rai, yayanta malamin makaranta ko soja mai girman kai, gwaggo Musulma da ke aure a Kumo. Wannan gwaggon ba ƙari ba ce don ado. Gidajen Tangale da yawa akwai Musulmi da Kirista ciki ɗaya, ana zuwa wa juna suna da biki da jana'iza, kuma littafin da ya nuna Tangale duka addini ɗaya ya riga ya kauce tun daga tushe.

Ga gwajin da za ki yi da kanki a daren nan. Ki ɗauki takarda ki jera duk fitowar Rifkatu a babi 32 ɗin, a gaban kowace ki rubuta abu biyu: me take so a wannan wurin, kuma wa ya amfana da fitowarta. In kika ga amsar farko kullum "babu" ce ko "jarumin", amsa ta biyu kuma "don a yi dariya" ko "don a ga kirkin Hajiya", to ba ki rubuta mutum ba tukuna. Ki ba ta buƙatar da ba ta shafi jarumin ba ko kaɗan. Misali tana tara kuɗin aikatau ne don ta sake zana jarrabawar kammala sakandare ta shiga makarantar koyon aikin jinya, ko tana biyan kuɗin maganin ƙaninta da kububuwa ta sara a gona aka kwantar a asibitin masu saran maciji na Kaltungo. Sannan ki tabbata akwai aƙalla wuri biyu a littafin da ita da wani nata suke magana a kan abin da ba jarumin ba ne kuma ba addini ba: rikicin gona, bashi, auren ƙanwa, kuɗin taki.

Sai maganar Hausarta, wadda muke zaton ita ta fi yi wa 'yan matan nan zafi. Yarinyar da ta tashi a Billiri da Hausa ta yi wasan ƙasa, da ita ta yi ciniki a kasuwa, da ita ta rera waƙa a coci. Akwai matasan da Hausa ta fi zama a bakinsu fiye da harshen iyayensu, har dattawansu na kuka da hakan. Gurɓatacciyar Hausar da kika sa mata daga finafinan barkwanci kika ɗauko ta, ba daga bakin mutanen Billiri ba. In kina son a ji bambancin lafazi, akwai hanyarsa. Ki saurari masu magana na gaske, ki zaɓi alama ɗaya ko biyu kacal, ki riƙe su daga farko har ƙarshe. Abin da aka fi ji shi ne rashin tsananta bambancin namiji da mace a jimla, wanda ma ba nasu ba ne su kaɗai, ana jin sa a Hausar Bauchi da Gombe a bakin mutane da yawa (wataƙila har da jarumin naki, in da za ki rubuta shi yadda yake magana da gaske). A nan rashin adalcin yake fitowa: kin ba mutanen Jekadafari daidaitacciyar Hausa irin ta littafin makaranta, kin bar wa mutum ɗaya tal karyayyen harshe. Ko dai kowa ya yi magana da lafazinsa, ko kowa ya samu daidaitacciya. Mu mun fi son ki faɗa sau ɗaya a bakin mai ba da labari cewa ana jin kudancin Gombe a harshenta, daga nan ki bar ta ta yi magana sosai. Kalmomin Tangale kuma kada su wuce ɗaya ko biyu a babi, gaisuwa ko kiran uwa ko abin da ke fita a baki lokacin firgita, kuma mai harshen ne zai rubuta miki su, ya kuma turo miki da murya ki ji inda ake faɗarsu. Kada ki ƙago, kada ki kwaso daga intanet.

Game da cocin, ba ki faɗa mana kuskuren ba, amma mun san inda marubuta suka saba faɗawa: su haɗa ɗariku wuri guda. Mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ne suka fara shiga ƙasar Tangale a 1917, daga aikinsu ɗarikar ECWA ta fito, kuma ita ce ta fi yawa a yankin. A ECWA fasto ake da shi da dattawan ikilisiya, fasto yana da mata da 'ya'ya. Babu Fada, babu zuwa furta zunubi a gabansa, babu jan carbi. Waɗannan na Katolika ne. In kin sa Rifkatu 'yar ECWA tana yin su, kamar a rubuta Ba'izale yana jagorantar wazifa ne. ECWA kuma tana hana shan giya, saboda haka uba mashayi a irin gidan nan abin kunya ne da ake ta fama da shi, akwai labari mai daɗi a nan da kika tsallake. Kiristan da ke ibada da Hausa "Allah" yake cewa, da "Ubangiji", da "Yesu Almasihu", yana cewa sujada, baiko, baftisma, wa'azi. Matan Zumunta da ankonsu da ɗankwalinsu suke zuwa coci. In kin sa duk matan garin cikin guntayen kaya, ki gyara.

Kada kuma ki cakuɗa al'ummomin kudancin jihar. Tangale daban, Waja na Balanga daban, Tula daban, Dadiya daban, Cham daban, kowa da harshensa da sarautarsa. Harshen Tangale ma ɗan'uwan Bolanci ne, a babban gida ɗaya suke da Hausa, alhali Waja da Tula da Dadiya daga wani gidan harsuna suka fito dabam. Ko cikin Tangale, Billiri na da sarkinta Mai Tangle, Kaltungo na da nasa Mai, lafazinsu ma ba ɗaya ba ne. Wanda ya ɗauko rawar wani gari ya kai wani, ranar da ya saki babin za a kama shi. Shawararmu ki bar Billiri a matsayin babban gari, amma ƙauyen su Rifkatu ki ƙaga masa suna, kada kuma ki yi amfani da sunan wani sanannen gida ko mai riƙe da sarauta. Rikicin naɗin Mai Tangle na 2021 kuwa ki yi nesa da shi a wannan littafin. An yi asarar rai da dukiya, ciwon bai gama warkewa ba, ba abin da za a taɓa a gefen labarin soyayya ba ne.

Duk wannan ba zai samu daga zaune ba. Billiri tana kan hanyar Yola, bayan Kumo, zuwa da dawowa a wuni ɗaya ne. Ki sami wadda za ta kai ki gidansu ki wuni, ki ga fasalin gida, abin da ake dafawa, yadda yara ke gaida manya, wa ke zuwa gona, me ake hira a kai. Ki faɗa musu gaskiya cewa littafi kike rubutawa, kada ki naɗi muryar kowa ko ki ɗauki hoto sai da izini.

Bayan haka ki nemi masu duba miki rubutu kafin ki saki, mutum uku: budurwa sa'ar Rifkatu, dattijuwa sa'ar uwarta, da Musulmi ɗan Tangale. Ki fara tuntuɓar 'yan matan nan uku ta saƙon sirri, domin sun riga sun nuna sun karanta da lura. Ki riƙa ba su babi biyar-biyar, da wa'adin mako guda, ku kuma yi magana a kan ladan aikin tun farko, ko kuɗi ne, ko data, ko shiga zaure kyauta. Aiki ne suke miki, ba alfarma ba. Inda abin ke lalacewa shi ne tambayar "ya kika gani?", domin kunya za ta sa a ce miki "ya yi daɗi". Ki yi tambaya mai kama hannu: wane wuri ne kika ce a ranki ba ma yin haka? Wace magana ce uwarki ba za ta taɓa faɗa ba? Ina ne kika ji kunya ko haushi? Me ya kamata a gani a gidan nan da ban sa ba? In abu na zahiri suka gyara, kamar suna ko tsarin sujada ko abinci, ki karɓa ba musu. In ra'ayi ne a kan tafiyar labari, ki saurara, hukunci naki ne. In biyu cikin uku suka tsaya a wuri ɗaya, akwai matsala a wurin ko da ke ba ki gan ta ba. Kada ki sa sunansu a godiya sai sun yarda, kada kuma ki mai da su garkuwa ki riƙa cewa "ai 'yar Billiri ce ta duba".

Akwai aikin da za ki yi a kwamfuta ko waya cikin awa ɗaya. Ki buɗe rubutun ki nemo kalmomi irin su "arne", "arniya", "ƙabila", "irinsu", "halinsu". Duk inda kika samu, ki duba bakin wa ta fito. In daga bakin mai ba da labari ne, wato ke, ki cire. In daga bakin Hajiya ne ko wata kishiya, tana iya zama, domin akwai masu faɗar haka kuma littafi ba ya ɓoye su, amma sai labarin ya nuna maganar ta sauka a kan mutum: a ga fuskar Rifkatu, a ji abin da ta faɗa wa 'yar'uwarta da dare, ko wani a gidan ya tanka. In aka faɗa aka yi dariya aka wuce, mai karatu zai ɗauka da yawunki aka yi. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi, kuma ba mu ga dalilin da alƙalami zai fita daga wannan hanin ba.

Yanzu babi na 40. Ba za mu ce kada ta musulunta ba. Mutane na musulunta, kuma labarinki ne. Amma ki sani wannan ita ce hanyar da aka fi bi a littattafanmu har ta zama kwalta, kuma yadda aka saba yin ta ne ke ɓata rai: yarinya tana baƙa mummuna marar tsafta, ranar da ta karɓi kalmar shahada sai ta yi fari, Hausarta ta miƙe, danginta su zama azzalumai, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Abin da wannan ke gaya wa mai karatu Kirista shi ne ba ta cika mutum ba sai ta bar gidansu. Ga Musulmi ma ba ƙaramin ragi ba ne, domin ya mai da imani kuɗin shiga gidan miji. In za ki yi, ki ba shi babi shida zuwa takwas yana ginuwa, da tambayoyi da shakka da dalilin da ya fi ƙarfin son saurayi. Ki nuna abin da ya ci mata: hawayen uwa, kujerarta da ta zama wayam a ƙungiyar mawaƙa, Kirsimetin farko da ba ta san ko ta je gida ba. Ki bar uwar ta kasance mai hankali da ƙauna, wadda baƙin cikinta ke da ma'ana. Ki bar Rifkatu da harshenta da danginta bayan ta musulunta. Aya ta 15 a Suratu Luƙman ta yi umarni da kyautata zama da iyaye ko da addini ya bambanta. Akwai kuma wasu ƙofofin: ya aure ta tana Kiristarta, wanda shari'a ta halatta wa namiji Musulmi, sai rikicin ya koma kan dangi biyu da tarbiyyar 'ya'ya, ko auren ya ƙi yiwuwa, kowa ya kama gabansa da mutunci. A ganinmu, da babi 18 kacal da suka rage miki da kuma yawan gyaran da ke gabanki, ɗaya daga cikin biyun nan zai fi miki sauƙin fita da kyau.

Abin da kika riga kika saki ba ya dawowa. Na Wattpad za ki iya gyarawa, amma na WhatsApp ya riga ya bazu, wataƙila ma wani ya karanta shi a YouTube. Saboda haka kada ki ɓata ƙarfi wajen bin tsofaffin kwafi. Ki dakata da saki na mako biyu. Ki gyara kurakuran zahiri da Hausar Rifkatu a babi 32 ɗin, ki haɗa su a fayil ɗaya, ki rubuta "gyararren bugu" da kwanan wata a samansa. Sababbin dangin nata kuma ki shigo da su daga babi na 33 ta hanyar tafiya gida: rashin lafiya ko biki ya kai ta Billiri, labarin ya bi ta can babi uku ko huɗu, a gan ta inda ita ce 'yar gida, jarumin ne baƙo in ma ya zo.

Sanarwar da za ki yi a zaure kada ta wuce layi huɗu: wasu 'yan'uwa sun nuna miki kurakurai a yadda kika kawo mutanen Billiri, kin duba kin ga gaskiyarsu, kin ba da haƙuri, za a ci gaba ranar kaza. Ki guji "in ma akwai wanda ya ji haushi", domin wannan mayar da laifi ne kan wanda aka ɓata wa. Kada ki ambaci sunan 'yan matan, masu goyon bayanki za su far musu. Ki rufe zauren na kwana ɗaya ko biyu yadda masu kula da shi kaɗai ke iya turo saƙo, in kin buɗe ki kafa doka cewa duk wanda ya zagi addini ko al'ummar wani za a fitar da shi, ko wane ɓangare yake. Waɗanda suka biya suka ce ba su yarda da jinkirin ko sauyin ba, ki mayar musu da kuɗin babin da suka rage ba tare da ja-in-ja ba, ki ajiye shaidar turawar.